Guraben gefen faranti suna ƙafewa kafin kwana uku, me zan yi?

Hafsat_U ta rubuta:

Assalamu alaikum, ma'abota wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a ɗakin gwaje-gwaje, don abin nan ya kai mini iya wuya.

Ina karatun digiri na biyu, aikina kuma gwada ƙarfin wasu sinadarai ne a kan ƙwayoyin halittar da muke reno. Faranti mai gurabe 96 nake amfani da shi, mai layuka takwas daga A zuwa H da jeri goma sha biyu daga 1 zuwa 12. Nakan zuba maikirolita 100 a kowane gurbi, in bar ƙwayoyin su kwana su kama ƙasa, washegari in sa magani, in mayar inkubeta, wato akwatin renon ƙwayoyi mai ɗumi, a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin 100, har awa 72. Daga nan in sa rizazurin, rinin da ke canza launi gwargwadon yawan ƙwayoyi masu rai, in kai na'urar karanta faranti.

Duk lokacin da na fito da farantin a rana ta uku, da ido ma ina ganin ruwan layin A da layin H, da na jeri na 1 da na 12, ya yi ƙasa da na tsakiya. Kusurwoyin nan huɗu, A1 da A12 da H1 da H12, su suka fi muni. Launin ruwan renon ma ya fi duhu a wurin. Abin da ya fi damuna, tsarin da na gada daga wadda ta riga ni ya sa guraben kwatance, wato waɗanda ba a sa wa magani ba, a jeri na 1 da na 12. Da su nake raba duk sauran sakamakon. To in su ne suka lalace, ai duk lissafin ya tafi. Na maimaita gwaji ɗaya sau uku, IC50 ɗin (wato kaurin maganin da ke rage ƙwayoyi masu rai da rabi) da na samu sau ukun ba su ko kusanci juna ba. Akwai ma inda gurbin da aka sa wa magani kaɗan ya nuna ƙwayoyinsa sun fi na gurbin kwatance rai, abin da ba zan iya rubutawa a kundina ba.

Na naɗe gefen farantin da ledar naɗi ta Parafilm, sai murfin ya riƙa yin gumi, bambancin kuma bai tafi ba. Na canza fifet, wato abin da nake auna ruwa ina zubawa da shi. Na narkar da sababbin ƙwayoyi daga ajiya. Malamin da ke duba aikina yana ganin hannuna ne bai faɗa ba tukuna, ya ce in ƙara atisayen zuba ruwa. Na yi, kuma ina girmama maganarsa, amma zuciyata ba ta yarda nan matsalar take ba.

Ga kuma wani abu a gabana. Sinadaran da aka ba ni 'yan kaɗan ne, don haka ana so wata mai zuwa in koma faranti mai gurabe 384, maikirolita 40 a gurbi. In 100 na ƙafewa haka, ina ga 40?

Yaya zan tabbatar ƙafewar ruwa ce ba wani abu ba? Kuma da me ake rufe faranti ba tare da an shaƙe ƙwayoyin ba? Allah ya saka da alheri.

Malam Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hafsat. Ki kwantar da hankalinki. Na shafe shekaru ina kula da na'urorin ɗakin reno, kuma abin da kika kwatanta na gan shi ba sau ɗaya ba. Hannun da bai faɗa ba warwatsa kuskure yake yi, yau a tsakiya, gobe a gefe, jibi a gurbi ɗaya tak. Kuskuren da ke zagaye faranti kamar katanga, kullum a wuri ɗaya, yawanci a cikin inkubeta ake samo shi.

Kafin ki nemi wani abin rufi, ki auna. Maikirolita ɗaya na ruwa nauyinsa kusan miligiram ɗaya ne, don haka sikeli zai gaya miki gaskiya. Ki ɗauki sabon faranti, ki zuba ruwa zalla maikirolita 100 a duka gurabe 96, wato giram 9.6 ke nan na ruwa. Ki auna shi ba murfi, ki rubuta, ki rufe, ki ajiye a daidai wurin da kike ajiye na gwajinki. Bayan awa 24 da 48 da 72 ki fito da shi, ki bar shi a rufe ya huce, sannan ki cire murfin ki auna. Dalilin cire murfin shi ne, ruwan da ya taru a jikinsa ya riga ya bar gurbi, kada sikeli ya ƙirga miki shi. Dalilin barin shi ya huce kuwa, abu mai ɗumi yana sa lambar sikeli ta riƙa rawa.

Wannan zai ba ki jimillar asara ne kawai. Don ki san rabon kowane gurbi, a rana ta uku ki saita fifet a 100, ki zuƙi A1. Za ki ga iska ta biyo bayan ruwan. Ki mayar, ki rage saitin kaɗan-kaɗan har ruwan ya cika bakin fifet ɗin ba iska. Ki yi wa A1 da A6 da B2 da D6 haka. Lambobi huɗun nan ki kai wa malaminki, gani ya kori ji.

Sai ki durƙusa ki leƙa tiren ruwan da ke ƙasan inkubetar. Ina faɗin wannan ne don sau da yawa nakan tarar da shi a bushe ƙayau, kowa na zaton wani ya cika. Allon inkubeta da yawa zafi da CO2 kaɗai yake nunawa, ba ya cewa komai game da danshi, sai mutum ya ga 37 da 5 ya tafi hankali kwance. Ki samu ƙaramar na'urar auna danshi ki ajiye kusa da farantinki. Ruwan tiren ya zama tatacce wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kuma ki duba littafin na'urar, domin masu ƙera wasu inkubetocin suna hana zuba ruwan da aka tace matuƙar tacewa, wai yana cin ƙarfen.

Ki kuma liƙa takarda a ƙofar, duk wanda ya buɗe ya ja layi. Kwana ɗaya ya isa ki gane halin da farantinki ke ciki. Zafi da CO2 suna dawowa da wuri bayan an rufe ƙofa, danshi kuwa yana jan ƙafa, saboda jira ake ruwan tire ya yi tururi da kansa. Farantin da zai kwana uku ba a ajiye shi a bakin ƙofa ko a gaban fankar ciki.

Game da farantin kansa, shawarata ki haƙura da guraben gefe. Su 36 ne, za a bar miki 60, daga B2 zuwa G11. Na san da ciwo a bar fiye da kashi ɗaya cikin uku na faranti, amma gwajin da za a maimaita sau biyar ya fi wannan ɓarna. Kada dai ki bar su wayam. In kika bar su ba komai, layin B da G ne za su zama sabon gefe. Ki cika su da ruwa mai tsabta ko ruwan gishiri na PBS, maikirolita 200, su ne za su riƙa ba iskar da ke kutsowa ta ƙarƙashin murfi abin da take nema kafin ta iso wurin ƙwayoyinki. Akwai faranti irin Nunc Edge da aka yi wa kwalbati a kewaye don a cika da ruwa, a ci moriyar duka 96, sai dai ɗaukarsa na son natsuwa don kada ya fantsama.

In inkubetar ta jama'a ce ba yadda za ki yi da masu buɗewa, ki samu akwatin roba mai tsabta, ki shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa, ki ɗora farantin a kan wani abu don kada ya taɓa ruwan, ki ɗora murfin akwatin ba tare da kin danne shi ba, saboda CO2 ya samu hanya. Ki riƙa canza takardar a kowane gwaji don gudun funfuna.

Dakta Rabi ta amsa:

Hafsat ƙanwata, duk abin da Malam Sani ya faɗa ki riƙe shi, musamman maganar sikeli. Zan ƙara miki lissafin da ke ƙarƙashin abin, sannan akwai wuri ɗaya da nake so ki yi hattara.

Abin da ke jan ruwa daga gurbi shi ne giɓin da ke tsakanin tururin da iska za ta iya ɗauka da wanda take ɗauke da shi. A digiri 37, iskar da ta ƙoshi da danshi tana da matsin tururi kusan kilofaskal 6.3. A digiri 25 kuwa kusan 3.2 ne, rabi ke nan. In danshin inkubeta ya kai kashi 95, giɓin kashi 5 ne. In ya sauka zuwa 90, giɓin ya ninka biyu. In ya sauka zuwa 80, ya ninka huɗu. Mutane kan ga 80 su ce ai da dama-dama, alhali ƙishirwar iskar ta ninka huɗu. Ki kuma duba abin da buɗe ƙofa ke yi: iskar ɗaki mai digiri 25 da danshi kashi 50, da zarar ta shiga ta ɗumama zuwa 37, danshinta ya koma kusan kashi 25. Ita ce ke lasar gefen farantinki har sai tire ya cike giɓin.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin gurbin. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri da magani da duk abin da aka narkar suna nan. A ce A1 ya rasa maikirolita 15 cikin 100. Komai na ciki ya ƙara kauri da kusan kashi 18 cikin 100. In ya rasa 20, kashi 25. Kaurin gishirin ruwan reno yawanci yana wajen miliosmol 300 a kilo, to ya tashi zuwa 350 ko 375, ƙwayoyin kuma suna jin wannan, girmansu ya ragu ko da ba magani. Shi ya sa gurbin kwatancenki ya yi rauni har mai magani kaɗan ya fi shi. A gurbin da ke da magani kuwa duka biyu ne: gishiri ya ƙaru, maganin ma ya fi abin da kika rubuta a littafi.

Daga nan za ki ga wata dabara mai sauƙi. Yawan ruwan da ke tashi ya fi danganta da faɗin bakin gurbi, ba da yawan abin da ke ciki ba. In kika fara da 200 maimakon 100, asarar 15 ɗin nan za ta ƙara kauri da kashi 8 ne kacal. Sai dai ki sani iskar oksijin za ta yi tafiya mai nisa kafin ta kai ƙasa, kuma za ki ci magani ninki biyu, ke da kike da kaɗan.

Inda nake so ki yi hattara: ba kowace matsalar gefe ce ƙafewa ba. Akwai ta zafi. Idan kika zuba ƙwayoyi da ruwa mai sanyin ɗaki, kika tura farantin inkubeta nan take, guraben gefe ne ke fara ɗumama. Ruwan cikinsu ya riƙa juyawa tun ƙwayoyin ba su sauka ba, sai su taru a ɓangare ɗaya na gurbin maimakon su bazu. Wannan a awa ta farko yake faruwa, tun ba a rasa ko ɗigo ba. A 2003 an buga wani bincike da ya nuna cewa barin sabon farantin da aka shuka ya zauna a zafin ɗaki kamar awa ɗaya kafin a kai shi inkubeta yana rage wannan sosai. Ni tun da na fara yin haka ban daina ba. Ki duba A1 da D6 a madubin ƙara girma washegarin shuka. In a A1 ƙwayoyin sun yi jinjirin wata a gefe guda, zafi ne. In sun bazu daidai amma suka lalace a rana ta uku, ƙafewa ce. Yawanci za ki tarar da duka biyun. Masu yin gwajin gano furotin na ELISA ma suna ganin matsalar gefe a cikin awa ɗaya ko biyu, kuma tasu galibi ta zafi ce, musamman in an fito da sinadarai daga firji ba a bari sun huce ba, ko an jibga faranti a kan faranti.

Wani tarko kuma. Za ki iya cewa bari in zuba ruwa mai launi in karanta a na'ura in ga inda ya yi kauri. Ba zai nuna miki ba yadda kike zato. Na'urar daga sama zuwa ƙasa take harba haske. Ruwa ya ragu, launi ya yi kauri, amma zurfin da hasken zai ratsa ya ragu daidai gwargwado, sai lambar ta tsaya kusan inda take. In za ki yi da launi, ki ɗebi maikirolita 50 daidai daga kowane gurbi ki zuba a sabon faranti, sannan ki karanta. In kuma na'urarku na iya karatu da haske mai tsawon zango nanomita 977 da 900, to kin huta: ruwa da kansa yana shan haske a wajen 977, bambancin karatun biyu yana ba da zurfin ruwan kowane gurbi. Da shi za ki zana taswirar farantin gaba ɗaya ba tare da kin taɓa shi ba.

Tsarin da kika gada kuma ki sauya shi ko da an gyara inkubeta. Guraben kwatance su shiga cikin 60 ɗin, a warwatse, kada su tsaya a jeri ɗaya. Maimaici uku na magani ɗaya kada su zauna kafaɗa da kafaɗa. Kuma kafin gwaji na gaske, ki yi faranti guda da ƙwayoyi iri ɗaya a ko'ina, ba magani, ki bi duk matakan har karatu. Duk bambancin da kika gani a wannan farantin, na wuri ne.

Nura_PCR ya amsa:

Sannu Anti Hafsat. Ni ɓangaren PCR nake, wato ninka DNA a na'ura, maikirolita 10 muke aiki da shi kullum, ana kuma kai shi digiri 95 sau arba'in. In ɗaya ya tsere cikin goman nan, magniziyam da firaima, sinadaran da ke cikin haɗin, sun ƙara kauri da kashi 11, kuma a qPCR, mai auna yawan DNA, kana ganin abin a lanƙwasar zanen sakamakon gurbin. Mu abin da ke cetonmu biyu ne: murfin na'ura mai zafi, wajen digiri 105, da ke hana tururi taruwa a sama, sai ledar liƙe faranti. Kuma na lura yawancin asararmu daga liƙi take zuwa. Yatsa ba ya isa. Sai an bi da abin gogawa an danne tsakanin layuka, an zagaye gefuna huɗu sau biyu, an juya farantin a santirifuj, na'urar juyi da ke sauko da ruwa ƙasan gurbi, kafin a sa. Duk lokacin da na ga gurbin kusurwa ya bushe, in na duba sai in ga ledar ta ɗaga a wurin.

Kafin a fara yin na'urori masu murfin zafi, ɗigon man minaral ake sawa a kan kowane bututu, kuma yana aiki. Masu renon 'yan tayi tun shekarun 1960 suke ajiye ƙananan ɗigo a ƙarƙashin mai na kwanaki. Me zai hana ki liƙe farantinki da leda irin tamu, ko ki ɗiga mai a kan kowane gurbi? Ina ganin zai kashe maganar gaba ɗaya.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: lokacin da faranti ke buɗe a cikin hud, wato akwatin aiki mai tatacciyar iska. Iskar ciki ba ta tsayawa, busa take yi a kan guraben. In kina cika 384 da fifet mai baki ɗaya, jerin farko ya daɗe yana shan iska kafin ki kai na ƙarshe. Ki nemi mai baki da yawa, ki riƙa rufe ɓangaren da kika gama da murfi.

Dakta Rabi ta sake amsawa:

Nura, maganar hud ɗin nan gaskiya ce, na gode da ka kawo ta. Amma leda da mai, a gwajin Hafsat, ban goyi baya ba.

Ledar PCR ba ta barin iska ta wuce. Ruwan renonta da baikabonet yake riƙe tsaminsa, shi kuma sai da CO2 na inkubeta yake daidaita, ƙwayoyin kuma numfashi suke yi. In ta liƙe su ruf kwana uku, ta magance ƙafewa ta jawo shaƙewa. Akwai leda mai numfashi da aka yi don reno. Tana barin iska ta wuce, don haka wani tururin ma yana bi, amma tana sa asarar ta zama kusan ɗaya a ko'ina, domin kowane gurbi ta samansa yake shaƙa, ba ta gefen murfi ba. Ita zan ce ta gwada, ta auna da sikeli kamar yadda Malam ya ce.

Mai kuwa, matsalarsa sinadaranta. Yawancin irin waɗannan magungunan sun fi son mai da ruwa, shi ya sa ake narkar da su a sinadarin DMSO tun farko. In ta rufe gurbi da mai, wani kaso na maganin zai ƙaura ya shige cikinsa, ta ga kamar ba shi da ƙarfi. Masu renon 'yan tayi sun san man na janye sinadarai irin su sitiroyid daga ɗigon. Ga gwajin inzayim marar ƙwayoyi, wanda komai nasa na ruwa ne, mai na da kyau, kuma ko a nan a san irin da aka ɗauka: man farafin ya fi tare ruwa, na silikon yana barin tururi ya ratsa.

Tun da an ambaci DMSO, Hafsat, shi nasa halin kishiyar wannan ne. Ba ya saurin tashi, janyo ruwa yake daga iska. In kika bar bututun ajiyar maganinki a buɗe, zai sha danshi, maganin ya tsinke, wani ma ya fara zama gari a ƙasa. DMSO tsantsa yana daskarewa a wajen digiri 18 da rabi. In kika ga naki ya kwana a firji bai daskare ba, ya sha ruwa.

Hafsat_U ta dawo:

Assalamu alaikum. Malam Sani, Dakta, Nura, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na yi shiru ne don in gama abin da kuka ce kafin in dawo.

Malam, tiren ruwan ba a bushe yake ba, amma ɗan abin da ya rage ko ƙasan bai gama rufewa ba. Na wanke shi na cika. Takardar ƙofa kuwa kafin la'asar ta cika da layuka, mu bakwai ne ke amfani da inkubetar. Mun zauna mun yarda a ware shiryayyen wuri a can ciki don faranti masu daɗewa, kuma kowa ya riƙa haɗa abin da zai ɗauka a buɗewa ɗaya.

Na yi farantin ruwa biyu, ɗaya kafin a cika tire, ɗaya bayan an cika kuma a cikin akwati mai jiƙaƙƙiyar takarda. A na farko, da na bi da fifet, A1 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar, D6 kuwa da ƙyar na ga bambanci. A na biyu, A1 ɗin ma abin da ya rasa kaɗan ne. Na kai wa malamina lambobin, ya duba, ya ce a sauya tsarin farantin ga kowa a rukuninmu. Na ji daɗin yadda ya karɓa.

Dakta, jinjirin watan nan na gan shi da idona a A1 da H12 washegarin shuka. Da na bar faranti ya zauna awa ɗaya a rufe a cikin hud kafin inkubeta, ƙwayoyin sun bazu lafiya. Ashe matsala biyu nake fama da su ina kiran su da suna ɗaya. Na'urarmu ba ta kai 977 ba, don haka da fifet da sikeli zan ci gaba. Bututun maganina guda biyu kuma ba su daskare a firji ba, na ware su zan narkar da sababbi.

Farantin da ba magani, mai ƙwayoyi iri ɗaya, na karanta shi jiya. Guraben ciki 60 sun yi kusa da juna ƙwarai, sai layin B da ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Gwaji na gaske zan fara ranar Litinin.

Saura maganar 384. Layi nawa zan bari a gefe?

Malam Sani ya amsa:

Madalla, Malama Hafsat. Faranti mai 384 layi 16 ne da jeri 24. In kika bar zagaye ɗaya kin bar gurabe 76, saura 308. In kika bar zagaye biyu, saura 240. Ga gwajin awa 72 da maikirolita 40, ni da biyu zan fara, domin zagaye ɗaya a wannan farantin siriri ne, faɗinsa rabin na mai 96. Amma kada ki ɗauki maganata a kan haka, ki sake yin farantin ruwa da farantin ƙwayoyi zalla a sabon farantin, ɗaya da murfi kaɗai, ɗaya da leda mai numfashi, duka a cikin akwatin. In zagaye na biyu ya yi daidai da tsakiya, sai ki karɓe shi. Ki juya farantin a santirifuj a hankali bayan kin zuba, don ruwa na maƙalewa a bangon ƙananan guraben nan, kuma wanda ya maƙale a sama shi ke fara bushewa. Layin B ɗin da ya yi ƙasa kuma, ki duba ko guraben A na kusa da shi sun cika 200 ɗin da gaske, ki kuma juya farantin gaba ya koma baya a gwaji na gaba, ki ga ko raunin zai koma layin G.